Jacky Ickx: tambayoyi da amsoshi a kan direban da ya yi tsere daga Le Mans har Tenere

Wane ne Jacky Ickx, kuma me ya sa ake yawan kawo sunansa idan ana zancen direbobin da suka taɓa kowane irin tsere?

Jacky Ickx, wanda ake furta sunansa Iks, ɗan ƙasar Beljiyam ne da aka haifa a birnin Brussels ranar 1 ga Janairu, 1945. Ya ci tsere 8 a gasar Formula 1, ya zo na biyu a duniya a 1969 da 1970, ya lashe tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa har sau 6, ya zama zakaran duniya na tseren dogon zango a 1982 da 1983, sannan ya shiga hamada ya ci gasar Paris zuwa Dakar a 1983. A tsakanin waɗannan ya ci tseren Bathurst na Ostireliya a 1977 da gasar Can-Am ta Arewacin Amurka a 1979. Kowanne daga cikin waɗannan fannoni yana da irin motarsa da irin hanyarsa da irin halin da yake nema daga direba, kuma yawancin gwanaye a fanni ɗaya suke ƙare rayuwarsu. Abin da ya bambanta Ickx shi ne duk inda ya sa ƙafa sai da ya hau saman dandamali.

Ta yaya ya shigo harkar?

Gidansu gidan mota ne, domin mahaifinsa Jacques Ickx ɗan jarida ne mai rubutu a kan motoci, yayansa Pascal kuma ya riga shi fara tsere. Shi kansa da babur ya fara, a irin gasar da ake bin duwatsu da taɓo da gangare a hankali ba tare da mahayi ya sauke ƙafa ƙasa ba, inda ya zama zakaran ƙasarsa a kan ƙaramin babur kirar Zündapp. Wannan gasa ba ta neman gudu ko kaɗan, ƙwarewar sarrafa totur da sanin inda taya za ta kama ƙasa take nema, kuma mai wannan rubutu yana ganin a nan ne asalin gwanintarsa ta tuƙi cikin ruwan sama ta samo tushe. Daga babur ya koma motoci irin na kan titi, ya ci tseren awa 24 na Spa da ke Beljiyam a 1966 cikin BMW tare da Hubert Hahne, sai Ken Tyrrell, mai ƙungiyar tsere, ya ɗauke shi zuwa Formula 2, matakin da ke ƙasa da Formula 1, inda ya zama zakaran Turai a 1967 da motar Matra.

A shekarar ce ya yi abin da ya sa manyan kamfanoni suka waiwayo shi. A filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 22.8 da kwanoni fiye da 150 cikin daji da tsauni, an haɗa motocin Formula 2 da na Formula 1 a tsere ɗaya, sai ga wannan yaro mai shekara 22 da ƙaramar mota ya yi lokaci na uku mafi sauri a gwajin share fage, Jim Clark da Denny Hulme kaɗai ne suka fi shi. Doka ta tilasta masa tashi daga bayan dukkan manyan motocin, duk da haka ya wuce da dama daga cikinsu kafin ƙafar motarsa ta karye. Shekara mai zuwa yana cikin Ferrari.

Tunda ya kai haka, me ya hana shi zama zakaran Formula 1?

Nasararsa ta farko ta zo a Rouen ta Faransa a watan Yulin 1968 cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, a tseren da Jo Schlesser ya ƙone ya mutu cikin motar Honda. A 1969 ya koma Brabham ya ci tseren Jamus da na Kanada, amma a shekarar Jackie Stewart ya yi wa kowa fintinkau. Shekarar 1970 ce damarsa ta gaske, kuma labarinta ba mai daɗi ba ne. A farkon kaka ya tsira da ƙuna daga wata gobara a Jarama ta Sifaniya bayan motar Jackie Oliver ta buge tasa, motar Ferrari 312B kuma ba ta nuna ba sai da shekara ta raba. A lokacin Jochen Rindt na Lotus ya riga ya ci tsere 5 ya tara maki 45, sai ajali ya same shi a Monza ta Italiya a watan Satumba yayin gwaji. Ickx yana cikin 'yan kaɗan da za su iya kamo mamacin, amma dole ne sai ya ci dukkan tsere ukun da suka rage. Ya ci na Kanada, a Watkins Glen ta Amurka bututun mai ya ba shi matsala ya ƙare na huɗu, ya kuma ci na Meziko, ya tsaya da maki 40. Rindt ya zama mutum ɗaya tilo da aka naɗa zakaran Formula 1 bayan mutuwarsa, Ickx kuma ya sha faɗa daga baya cewa bai yi baƙin cikin rasa kambun ba, domin ba ya son ya karɓe shi daga hannun wanda ba ya nan balle ya kare kansa.

Bayan haka ya ci tseren Holan na 1971, shi ma cikin ruwa, bayan doguwar fafatawa da Pedro Rodríguez, da na Nürburgring a 1972 wanda ya zama na ƙarshe. Daga nan zaɓin ƙungiya ya riƙa cin amanarsa: ya bar Ferrari a 1973 ana gab da farfaɗowarta a hannun Niki Lauda, ya shiga Lotus lokacin da motarta ta tsufa, sannan ya yi ta yawo a ƙananan ƙungiyoyi har zuwa 1979 da ya rufe da Ligier a madadin Patrick Depailler wanda ya ji rauni.

Mene ne gaskiyar labarin cewa ya ƙi yin gudu zuwa motarsa a Le Mans a 1969?

Gaskiya ne, kuma shi ne abin da aka fi tuna shi da shi. Al'adar Le Mans a wancan zamani ita ce a jera motoci a gefe ɗaya na titi, direbobi su tsaya a ɗaya gefen, da an saukar da tuta kowa ya sheƙa da gudu ya faɗa cikin motarsa ya tayar da inji ya fice. Illar wannan tsari a bayyane take, domin ɗaura bel mai madauri da yawa yana cin daƙiƙoƙi, saboda haka da yawa sukan tashi ba su ɗaura ba, su bari sai sun hau miƙaƙƙiyar hanya suna gudun fiye da kilomita 300 a awa sannan su yi ta kokawa da madauri da hannu ɗaya. A ranar 14 ga Yuni, 1969, da aka saukar da tuta sauran direbobi suka ruga, shi kuwa Ickx ya taka a hankali ya tsallaka titin kamar mai zuwa kasuwa, motocin da suka riga suka tashi suna wucewa ta kusa da shi, ya zauna cikin Ford GT40, ya ɗaura bel ɗinsa tsaf, ya tashi a sahun ƙarshe. Kafin a kammala zagayen farko wani ɗan Ingila mai suna John Woolfe ya yi hatsari da sabuwar Porsche 917 ya mutu, kuma an ba da rahoton cewa bai ɗaura bel ɗinsa ba.

Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa, kuma abin da ya biyo baya ya yi kama da fassarar karin maganar. Motocin Porsche da suka fi GT40 gudu nesa ba kusa ba suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana a awa ta ƙarshe saura Ickx, wanda yake raba tuƙi da Jackie Oliver, da Hans Herrmann cikin Porsche 908. Sun yi ta musayar jagoranci zagaye bayan zagaye, wannan ya wuce wancan ya rama. A zagayen ƙarshe Ickx ya bar Herrmann ya wuce shi a farkon miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne mai kusan kilomita 6, ya laɓe a bayansa inda iska ba ta tare mota, sannan ya fito ya wuce shi gab da kwana, bai sake ba shi hanya ba. Bayan awa 24 da tafiyar kusan kilomita 5,000, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kimanin mita 120 ba. Daga 1970 aka soke gudun zuwa mota, direbobi suka koma farawa a zaune da bel a ɗaure.

Wace nasara ce ta fi wuya a cikin shidan da ya samu a Le Mans?

Shi da kansa ta 1977 yake fifitawa, kuma da wuya a yi masa gardama. Motar da aka ba shi tare da Henri Pescarolo, Porsche 936, injinta ya lalace tun tsere bai yi nisa ba, sai ƙungiya ta mayar da shi cikin ɗaya motar ta Jürgen Barth da Hurley Haywood, wadda ita ma ta ɓata lokaci a gareji har ta faɗa wajen ta 40. Motocin Renault na gida suna gaba da tazara mai yawa, babu wanda ya sa Porsche a lissafi. Ickx ya karɓi sitiyari ya kwana yana tuƙi cikin duhu da ruwa da hazo, yana gudu kamar gajeren tsere yake yi, har ya cinye kusan iyakar awannin da doka ta yarda direba ɗaya ya yi. Matsin da ya yi ya hana Renault sassautawa, injinansu kuwa suka riƙa fashewa har babu ko ɗaya da ta rage a gaba. Ana saura ƙasa da awa guda ita ma Porsche ta fara hayaƙi saboda fistin ɗaya ya ƙone, makanikai suka kashe wannan silinda, Barth ya fita ya lallaɓa zagaye biyu na ƙarshe da silinda biyar ya tsallaka layi.

Sauran sun zo a 1975 da motar Mirage tare da Derek Bell, da 1976 tare da Gijs van Lennep, sai 1981 da 1982 tare da Bell kuma. A 1982 ne sababbin motocin Porsche 956 guda uku suka ƙare na ɗaya da na biyu da na uku daidai da lambobin da ke jikinsu. Tarihinsa na sau 6 ya tsaya har 2005 kafin Tom Kristensen ɗan Denmark ya wuce shi, wanda daga baya ya kai 9.

Wai ba duk tuƙi ba ne? Mene ne wahalar sauya fanni?

Wannan tambaya ce da mai kallo a talabijin yakan yi, kuma amsarta tana cikin abin da kowane fanni yake hukunta direba a kansa. A Formula 1 mutum ɗaya ne a mota, an gyara kujera da sitiyari da birki daidai jikinsa, tseren bai kai awa biyu ba, kuma abokin ƙungiyarsa shi ne abokin hamayyarsa na farko. A tseren dogon zango mota ɗaya ce tsakanin mutum biyu ko uku, dole kowa ya haƙura da saitin da bai yi masa daidai ɗari bisa ɗari ba, ya kuma miƙa wa ɗan'uwansa mota da sauran birki da lafiyayyar giya. Akwai kuma ƙananan motoci masu jinkiri da ake rabawa hanya da su cikin dare, waɗanda sai an wuce su sau ɗaruruwa ba tare da an taɓa ko ɗaya ba. Daga 1982 dokar rukunin da ake kira Group C ta ƙayyade yawan man da mota za ta sha, saboda haka direban da ya fi kowa taka totur yana iya zama wanda mai zai ƙare wa. A Bathurst kuwa, inda Allan Moffat ya gayyace shi a 1977, ƙatuwar Ford Falcon mai nauyi aka ba shi a kan hanyar da ke hawa dutsen Panorama ta gangaro, hanyar da bai taɓa yin tsere a kanta ba, kuma suka ci.

Hamada ta fi duka bambanta, domin babu zagaye balle a haddace kwana. Direba yana bin abin da mai karanta masa hanya ya faɗa daga littafi da kamfas, a zamanin da babu na'urar tauraron ɗan'adam, yana karanta launin rairayi don ya gane inda yake da tauri da inda zai haɗiye mota, yana rage iskar taya da hannunsa, idan ya kafe kuma shi ne zai fito da shebur. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma Ickx yana cikin 'yan kaɗan da suka yarda su koma ɗalibai bayan sun yi suna.

Mene ne alaƙarsa da ƙasar Nijar?

Gasar Paris zuwa Dakar, wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro aka fara a ƙarshen 1978, ta daɗe tana ratsa arewacin Nijar, Agadas kuma ta kasance ɗaya daga cikin manyan zangonninta, inda jirage da manyan motocin kayan gyara da 'yan jarida suke cika gari na kwana ɗaya ko biyu. Ickx ya fara shiga a 1981 da motar Citroën, tare da ɗan wasan kwaikwayon Faransa Claude Brasseur a matsayin mai karanta masa hanya, sannan suka koma Mercedes. A 1983 gasar ta tsallaka hamadar Tenere, inda guguwar rairayi ta taso ta ɓatar da kimanin mutum 40 daga hanya, Sabine ya shafe kwanaki yana nemo su da jirgi mai saukar ungulu har aka same su duka. A wannan shekara ce Ickx da Brasseur suka isa Dakar a gaba da kowa cikin Mercedes 280 GE. Shi ne kuma ya jawo hankalin kamfanin Porsche zuwa hamada, wanda ya ci gasar a 1984 da 1986 da René Metge a kan sitiyari. A 1986 Ickx ne na biyu cikin Porsche 959, a shekarar da Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu.

Ya kamata a faɗi cewa gasar ba alheri zalla ta kawo wa ƙasashen da ta ratsa ba, domin motocinta sun kaɗe mutanen ƙauyuka, har da yara, a shekaru daban-daban, kuma an daɗe ana sukarta a kan haka. An soke ta 2008 bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020, sai sunan Dakar kaɗai ya rage mata.

Akwai abubuwan da ake zarginsa da su?

Akwai guda biyu da ba sa rabuwa da sunansa. Na farko tseren Monako na 1984 ne, inda shi ne jami'in da ke kula da gudanar da tsere. Ruwa ya yi yawa, Alain Prost yana gaba cikin McLaren, wani sabon yaro mai suna Ayrton Senna cikin Toleman yana cin tazarar da ke tsakaninsu da daƙiƙoƙi a kowane zagaye, sai Ickx ya ɗaga jar tuta, aka ɗauki sakamakon zagaye na 31. Da yake injin McLaren kamfanin Porsche ne ya ƙera shi, Ickx kuma direban Porsche ne, nan take aka ce ya yi son kai, hukumar tsere ma ta dakatar da shi daga wannan aiki saboda ya yanke hukunci bai tuntuɓi alƙalai ba. Wanda ya san mutumin da ya taka a hankali a 1969 saboda bel ba zai yi mamakin ganin ya tsayar da tsere saboda ruwa ba, kuma a ganin mai wannan rubutu wannan bayani ya fi zargin ƙarfi. Abin mamakin ma shi ne hukuncin Prost ya cuta, domin rabin maki aka raba, ya samu 4.5, a ƙarshen shekara kuma Lauda ya doke shi da rabin maki, 72 da 71.5, alhali da an ƙarasa tseren ya zo na biyu da maki 6 zai samu.

Na biyu ya fi nauyi. Ranar 1 ga Satumba, 1985, a tseren kilomita 1,000 na Spa, Stefan Bellof ɗan Jamus, wanda shi ne zakaran duniya na dogon zango a 1984, ya yi ƙoƙarin wuce Ickx a kwanar Eau Rouge, wurin da ba a saba ganin motoci biyu sun shiga kafaɗa da kafaɗa ba. Motocin suka taɓa juna, ta Bellof ta daki shinge gaba-gaɗi, ya mutu yana da shekara 27. Ickx ya fita da ƙafarsa, a ƙarshen wannan kaka kuma ya daina tseren kan kwalta. Hamada ma ba ta bar shi ba tare da irin wannan rashi ba, domin a gasar Fir'aunoni ta Masar a 1991 motarsa Citroën ta kife ta kama da wuta, mai karanta masa hanya Christian Tarin ya mutu sakamakon ƙuna.

Direban yau zai iya maimaita irin wannan tafiya?

Yana da wuya, kuma dalilin ba ƙarancin gwaninta ba ne. A zamanin Ickx tseren Formula 1 a shekara bai wuce 11 zuwa 17 ba, kuɗinsa kaɗan ne, kamfani kamar Ferrari kuma yana sa direbansa ya tuƙa motar Formula 1 wannan mako ya tuƙa ta dogon zango mako mai zuwa, kamar yadda shi da Mario Andretti suka ci Daytona da Sebring a 1972 cikin 312PB. Yanzu kakar Formula 1 ta kai tsere 24, kwantiragi sau da yawa yana hana direba taɓa wata mota, sauran kwanakin kuma na'urar koyon tuƙi da masu talla sun cinye su. Wanda ya fi kusantar sawunsa a wannan ƙarni shi ne Fernando Alonso, zakaran Formula 1 na 2005 da 2006, wanda ya ci Le Mans a 2018 da 2019 da Toyota, ya ci awa 24 na Daytona a 2019, ya gwada tseren Indianapolis 500 na Amurka, ya kuma ƙare na 13 a Dakar ta 2020. A gidan Ickx ma sana'ar ba ta yanke ba, domin 'yarsa Vanina ta yi tsere a Le Mans sau da dama, ta kuma tuƙa wa Audi a gasar DTM ta Jamus a 2006 da 2007.

Gaskiya ne an taɓa hana shi cin Dakar da jefa kwandala?

Gaskiya ne. A 1989 yana tuƙa wa Peugeot tare da Ari Vatanen ɗan Finland, dukkansu cikin 405 Turbo 16, kuma sun yi wa sauran motoci nisan da babu mai kamo su, sai dai su biyun suna ta tsere da juna a kan duwatsu da rairayi har shugaban ƙungiyar, Jean Todt, ya ji tsoron kada su farfasa motocin biyu a rasa duka. Da aka sauka a Gao ta ƙasar Mali, da sauran kwanaki kafin Dakar, Todt ya zaro kwandalar faran 10 daga aljihu ya jefa sama, ta faɗo a gefen Vatanen. Ickx ne yake kan gaba a lokacin. Ya karɓi hukuncin, ya bi bayan abokin aikinsa har bakin teku a Senegal ya ƙare na biyu, Todt kuma ya sha suka mai zafi daga hukumar tsere ta duniya, wadda shi da kansa ya zo ya shugabanta daga 2009 zuwa 2021.